Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya: asalinta da abin da ta gaskata

Tambaya: Maƙwabcina a Kano ɗan Michika ne, cocin EYN yake zuwa. Ya ce mini cocinsu zaman kansa yake yi, ba reshen kowa ba ne, wai kuma suna wanke wa juna ƙafa, kuma ba sa ramuwa ko an cuce su. Shin irin cocin nan ne na masu fararen kaya? Wa ya kafa shi, kuma me suka yi imani da shi?

Amsa: Malam, maƙwabcin naka gaskiya ya faɗa maka, sai dai ya gajarta zancen. A Nijeriya idan aka ce coci mai zaman kansa, abu biyu ake iya nufi. Akwai waɗanda 'yan ƙasa suka kafa tun daga tushe, galibi a bayan wani mai wa'azi ko mai ganin wahayi, irin su Kerubim da Serafim da ya taso a Legas a 1925 ƙarƙashin Moses Orimolade, ko Celestial da Samuel Oshoffa ya fara a Porto-Novo a 1947. Su ne masu fararen kayan da kake nufi, kuma EYN ba ta cikinsu. Akwai kuma waɗanda Turawan mishan suka dasa, daga baya 'yan ƙasa suka karɓi ragama gaba ɗaya, da mulkin da dukiyar da ikon yanke hukunci. ECWA haka ta fito daga mishan ɗin SIM, COCIN daga SUM. EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a wannan sahu take. Abin da ya sa ta fita daban shi ne irin mishan ɗin da ya haife ta, domin ba gama-garin mishan ba ne, kuma wankin ƙafar da ƙin ramuwar duk daga can aka gado su.

Sai mun koma Jamus kafin zancen ya fito fili. A farkon ƙarni na 18, a ƙasashen Jamusawa, addinin talaka na sarkin ƙasarsa ne. Coci uku kawai doka ta sani, Katolika da Lutheran da Reformed, kuma duk jaririn da aka haifa dole a kai shi a yi masa baftisma a cocin da hukuma ta amince da shi. Wasu mutane da ke taruwa a gidaje suna karanta Littafi Mai Tsarki suka ga cewa wannan bai yi daidai da abin da suke karantawa ba. A ganinsu bangaskiya abu ce da mutum yake zaɓa da hankalinsa, ba a ɗora masa ita yana cikin zanen goyo. A 1708, a wani ƙauye da ake kira Schwarzenau, mutum 8, maza 5 da mata 3, suka gangara kogin Eder suka yi baftisma a matsayin manya, alhali doka ta hana. Jagoransu shi ne Alexander Mack, ɗan gidan masu injin niƙa. Akwai wani abu da suka yi ranar wanda ya nuna halinsu tun daga farko: sun jefa ƙuri'a don fitar da wanda zai yi wa Mack baftisma, sannan suka ɓoye sunan mutumin, don kada wata rana a ce cocin wane ne. Junansu kawai suke kira 'yan'uwa. Tara da ɗauri da kora suka matsa musu, sai suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania ta Amurka a rukuni biyu, 1719 da 1729. A can ne, a 1908, suka tsayar da sunan da aka san su da shi yanzu, Church of the Brethren, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa.

Mutum biyu daga wannan coci, H. Stover Kulp da Albert Helser, suka sauka Nijeriya a ƙarshen 1922. Biu suka nufa. Sai dai Turawan mulki sun riga sun yi wa sarakunan Arewa alkawari tun zamanin Lugga cewa ba za su taɓa addininsu ba, saboda haka ba sa son ganin 'yan mishan a garin da yake da sarki Musulmi. Aka hana su zama Biu, aka bar musu Garkida, ƙauyen Bura a bakin kogin Hawul, wanda yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Gombi ta Jihar Adamawa. Ranar 17 ga Maris 1923 suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya, kuma daga wannan rana EYN take ƙirga shekarunta. Shi ya sa a watan Maris na 2023 ta yi bikin cika shekara 100.

Abin bai zo da sauƙi ba. Matar Kulp, Ruth, ta rasu a 1924, kuma sunanta aka sa wa asibitin Garkida. Sai a 1927 aka yi wa mutum 4 na farko baftisma, wato shekara huɗu ana aiki kafin a samu ko mutum ɗaya. Wanda ya san ƙasar Bura ba zai yi mamaki ba. Mutane ne masu addininsu da tsarin gidajensu, ba su ga dalilin da zai sa su bar na kakanninsu don wasu baƙi biyu da ke fama da harshensu ba. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne magani da makaranta. A 1929 aka buɗe sansanin kutare kusa da Garkida, kuma ni a ganina babu wata cibiya da ta yaɗa wannan ekklesiya kamarsa. Kuturta a lokacin ba ta barin ɗan sarki balle ɗan talaka, kuma wanda ta kama danginsa ma gudunsa suke yi. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙabilu da yawa, daga nesa, su zauna shekaru suna karɓar magani. A nan suka koyi karatu, wasu suka karɓi sabon addinin. Idan an sallame su sai su koma garuruwansu, inda Bature bai taɓa takawa ba, su fara tara yara a ƙarƙashin bishiya. A. P. Mai Sule Biu, ɗan gidan sarautar Biu, ta wannan ƙofa ya shigo, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan jagororin ekklesiyar. Ka ga garin da aka hana mishan shiga, ɗansa ne ya zo ya same su da ƙafarsa.

Daga Garkida aka buɗe Lassa a ƙasar Margi a ƙarshen shekarun 1920, sai Marama, sai Chibok a 1941. Sunan Lassa kuwa duniya ta san shi ta hanyar da mutanen garin ba su so ba. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan ɗin, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da likitoci ba su san irinsa ba, aka kai ta Jos ta rasu a can, sai aka laƙaba wa cutar sunan garin. Makarantar Hillcrest ta Jos su suka kafa ta a 1942, makarantun Waka kusa da Biu kuma a 1952. A 1959 mishan ɗin Basel na Suwizalan ya fara aiki a duwatsun Gwoza, daga baya ikilisiyoyinsa suka haɗe da na 'Yan'uwa. Haka aka wayi gari ekklesiya ɗaya ta ƙunshi Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da Kilba da Fali da Glavda da wasunsu. Da wane harshe za su yi magana da juna? Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, ga littafin waƙoƙi, ga kuma makarantar horar da masu bishara da aka kafa a Kwarhi kusa da Mubi, wadda ake kira da sunan Kulp. Shi ya sa sunan cocin na Hausa ne alhali akasarin 'ya'yansa ba Hausawa ba ne.

Batun cin gashin kai a hankali ya zo. A 1955 ikilisiyoyin da suka fito daga mishan daban-daban a Arewa suka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN, kuma a cikinta ake kiran wannan ɓangare Lardin Gabas. A 1972 ekklesiyar ta samu cikakken 'yanci daga cocin Amurka, sunan EYN kuma ya biyo baya cikin shekarun nan na 1970. A daidai lokacin ne gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan, har da makarantar Chibok. Mutane da yawa sun ɗauka tafiyar Turawa da rasa makarantu za su kashe abin. Akasin haka aka gani. Haɓakar gaske bayan 1972 ta zo, a hannun fastoci da masu bishara 'yan ƙasa, da kuma ma'aikata da 'yan kasuwa da suka tafi da cocinsu Maiduguri da Yola da Jos da Kaduna da Kano da Abuja da Legas. Yau EYN ta ninka cocin da ya haife ta a Amurka sau da yawa, domin can mambobi ba su kai 100,000 ba.

To, me suka gaskata? A kan manyan ginshiƙai babu abin da ya raba su da sauran Kiristoci 'yan Furotesta. Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku, zai kuma dawo ya yi shari'a. Ceto ta wurin alherin Allah yake samuwa, ta bangaskiya gare shi. Littafi Mai Tsarki, Tsohon Alkawari da Sabo, maganar Allah ne. Ba su da wani annabi na daban, ba su da wani littafi na ƙari, ba su da wani tsattsarkan gari da ake zuwa ziyara. Idan ka shiga sujadarsu ran Lahadi, waƙa ce da karatu da wa'azi da addu'a da baiko, ga Zumuntar Mata da ashobinsu da tulunan kiɗansu, kusan yadda za ka gani a COCIN ko ECWA.

Bambancin yana wurin da suka ɗora nauyi. Tun daga Schwarzenau 'Yan'uwa suke cewa ba su da wata rubutacciyar aƙida sai Sabon Alkawari. Ba wai sun ƙi abin da ke cikin tsofaffin shaidun bangaskiya na Kirista ba ne. Sun dai ga yadda aka riƙa ɗaure mutane da kashe su a Turai saboda sun ƙi sa hannu a kan takardar aƙida, sai suka ce su ba za su rubuta abin da gobe za a mayar sanda ba. Maimakon a tambayi mutum me ya haddace, gara a duba me yake yi. Don haka wanda yake son sanin tauhidin wannan ekklesiya, ayyukanta zai kalla, domin a nan suka rubuta shi. Duk abin da Yesu ya ce a yi, ko ya yi da hannunsa ya ce a kwaikwaya, suna ɗaukarsa umarni ne, ba misali kawai ba.

Na farko baftisma. Ba sa yi wa jariri. Iyaye dai sukan kawo shi a miƙa shi ga Allah da addu'a, amma ruwa sai ya girma ya nema da bakinsa, ya kuma zauna ajin baftisma an koya masa abin da zai shiga. Ranar kuwa, a kogi ko tafki ko kwamin da aka gina don haka, fasto yakan shiga ruwan tukuna. Mai karɓar baftisma ya biyo shi ya durƙusa, ruwa ya kawo masa ƙirji. A yi masa tambayoyi a gaban jama'a, ko ya gaskata, ko ya rabu da zunubi, ko ya yi alkawarin aminci har mutuwa. Sai fasto ya dafa ƙeyarsa ya nutsar da shi ta gaba, fuska cikin ruwa, da sunan Uba. Ya ɗago, ya sake da sunan Ɗa. Ya ɗago, ya sake da sunan Ruhu Mai Tsarki. Kafin ya miƙe, yana nan durƙushe ruwa na zuba daga kansa, a ɗora masa hannu a yi addu'a, mata kuma a bakin gaɓa sun riga sun ɗauki waƙa. Sau ukun daga Matiyu 28:19 suka ɗauko shi. Nutsarwa ta gaba kuwa, saɓanin 'yan Baftis da ke kwantar da mutum ta baya sau ɗaya, tsofaffin 'Yan'uwa sun kafa hujja da cewa Yesu sunkuyar da kai ya yi lokacin da ya mutu, kuma Romawa 6 ta ce baftisma tarayya ce da mutuwarsa.

Na biyu shi ne wanda ya ba ka mamaki. A Yohanna 13, daren da za a kama Yesu, ya tashi daga cin abinci ya ɗaura tawul a ƙugu ya wanke ƙafafun almajiransa, sannan ya ce su ma su riƙa yi wa juna haka. Yawancin coci-coci sun fassara wannan da cewa darasi ne na tawali'u. 'Yan'uwa suka ce a'a, ai cewa ya yi a yi, don haka a kawo ruwa. Ba kowace Lahadi ake yi ba, yana tafiya ne da Jibin Ubangiji, kuma a cikakken tsarinsu abu uku ne a jere: wankin ƙafa, cin abinci tare, sannan gurasa da ƙoƙo. Maza gefe guda, mata gefe guda. Wanda ke kusa da kai zai durƙusa ya sa ƙafarka cikin kwano ya wanke ya goge da tawul, sai ya kwance tawul ɗin ya miƙa maka, kai ma ka durƙusa wa na gaba. Ba a zaɓen wanda za a zauna kusa da shi. Yana iya zama babban sakatare a gwamnati ne ya durƙusa wa mai gadi, ko dattijo ya riƙe ƙafar saurayin da ya haifa a shekaru, ƙafa ta manomi mai faso da ƙura.

Kada ka haɗa shi da alwala. Ba tsarki ake nema ba, kuma ba wanda yake wanke tasa ƙafar. Ma'anar tana cikin sunkuyawar, kuma waɗanda suka saba sukan ce miƙa ƙafar ya fi wankewar wuya. Ga shi kuma kafin ranar dattawan ikilisiya sukan tunatar cewa duk mai riƙe da ɗan'uwansa a zuci ya je su shirya tukuna. Nan ne wankin ƙafa ya haɗu da Matiyu 18, wadda ita ce tsarin shari'arsu ta cikin gida: wanda ya yi maka laifi ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai gaban ikilisiya. Wanda ya kafe ana iya sa shi ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji har ya tuba.

Akwai shafa wa marar lafiya mai da addu'a, bisa Yaƙub 5:14, amma ba a madadin asibiti ba. Cocin da ya fara da gina asibiti ba zai hana shan magani ba, kuma nan ma ya bambanta da wasu tsofaffin cocin Aladura, irin waɗanda 'yan ƙasa suka kafa tun daga tushe, da suka haramta magani a farkon tarihinsu. Akwai ƙin rantsuwa, saboda Matiyu 5 ta ce i ɗinku ya zama i, a'a kuma a'a. Akwai son rayuwa marar almubazzaranci. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idarsu cewa babu tilas a addini, wadda na san ba baƙuwa ba ce a kunnen Musulmi.

Saura batun ramuwa, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. 'Yan'uwa suna cikin coci uku da tarihi ya sani da ƙin yaƙi, su da Mennonite da Quaker. Hujjarsu huɗubar da Yesu ya yi a kan dutse: kada a rama mugunta da mugunta, a ƙaunaci maƙiyi, a yi wa mai tsanantawa addu'a. A Amurka sun biya kuɗin wannan matsayi. Sun ƙi ɗaukar bindiga a yaƙin neman 'yanci, sun ƙi mallakar bayi, kuma a 1864, lokacin yaƙin basasa, aka harbe wani dattijonsu, John Kline, a Virginia, saboda yana ƙetara layin yaƙi yana ziyartar 'yan'uwa a ɓangarorin biyu.

A Nijeriya koyarwar ta ɗauki wata siffa. EYN tana kiran kanta ekklesiyar salama, amma ba ta hana 'ya'yanta shiga soja ko ɗan sanda ba, kuma suna ciki da yawa. Abin da ta riƙe da ƙarfi shi ne ƙin ɗaukar fansa: ba a ƙona masallaci don an ƙona coci, ba a tare hanya a kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba don an kashe naka. Shekaru da dama wannan magana ce mai sauƙin faɗa a kan bagade. Sai ga shi taswirar EYN da taswirar Boko Haram sun zo sun hau kan juna, kudancin Borno da arewacin Adamawa. An ƙona mata coci a Maiduguri a 2006 da 2009. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yanta. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara mayaƙan suka mamaye hedkwatarta a Kwarhi a kan hanyarsu ta kama Mubi, ma'aikata da ɗaliban makarantar tauhidi suka fantsama daji, shugabanta na lokacin, Rabaran Samuel Dali, ya koma gudanar da ekklesiya daga Jos. A Janairu 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi a Michika, garin maƙwabcinka. A bidiyon da masu garkuwar suka fitar, ya ce bai karaya ba domin kowane hali mutum ya samu kansa a hannun Allah yake. Cikin watan suka kashe shi. Wata guda bayan haka, 21 ga Fabrairu, aka kai wa Garkida kanta hari. A watan Yuli na 2020 shugaban EYN na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya faɗa wa manema labarai cewa an kashe musu mambobi sama da 8,370, sama da 700,000 sun rasa matsuguni, kuma 217 daga cikin 'yan matan Chibok nasu ne.

Duk da haka ekklesiyar ba ta kafa rundunar ɗaukar fansa ba, kuma shugabanninta ba su hau mumbari sun ce a far wa Musulmi ba. Sun riƙa faɗa a fili cewa Musulmi ma ana kashe su, kuma akwai 'yan EYN da yawa da maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su ko suka nuna musu hanyar tsira. A Gurku ta Jihar Nasarawa, wani ma'aikacin EYN ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda Kirista da Musulmi suke zaune tare, ga coci ga masallaci. A 2016 'yan Mennonite na Jamus suka ba EYN da ƙungiyar zaman lafiya ta Kirista da Musulmi da ta taimaka aka kafa a Mubi lambar yabo ta Michael Sattler. Shekara guda bayan haka Dokta Rebecca Dali, 'yar EYN, ta karɓi lambar Sergio Vieira de Mello saboda aikinta da zawarawa da marayu da matan da suka kuɓuto daga hannun mayaƙan, ba tare da duba addininsu ba.

Amma kada in zana maka su kamar mala'iku. Wanda aka yanka mahaifinsa a gabansa ba ayar Matiyu ce take fara zuwa masa ba. A cikin ekklesiyar an yi gardama mai zafi, kuma har yau ba ta mutu ba. Matasa suna tambaya, idan an mare ka a kunci ɗaya ka juya ɗayan, an mari na biyun ma, saura wanne? A garuruwa da dama 'yan EYN sun shiga 'yan banga da maharba don tsare ƙauyukansu, kuma fastoci da yawa ba su tsawata musu ba. Abin da aka fi tsayawa a kai a aikace shi ne raba kāre kai da ɗaukar fansa: tsare ƙofar gida daban, bin mutum har gidansa daban. Alexander Mack da John Kline ba za su yarda da wannan rabewa ba, su ko kāre kai da makami ba su amince da shi ba. Ni dai ina ganin wanda bai kwana a kan dutsen Gwoza da 'ya'yansa ba ya kamata ya sassauta harshe wajen yanke musu hukunci. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne koyarwar ta yi aiki a wurin da ta fi muhimmanci, wato ta hana rikicin ya rikiɗe ya zama na ƙauyen Kirista da ƙauyen Musulmi a wurare da yawa da hakan zai iya faruwa cikin dare ɗaya.

Game da ko da gaske take zaman kanta, dubi yadda ake mulkinta. Kowace ikilisiya tana da majalisarta ta fasto da dattawa, ikilisiyoyi suna haɗuwa a gunduma, gundumomi kuma suna tura wakilai babban taron shekara da suke kira Majalisa. Majalisa ce take zaɓen shugaba na wa'adi, ba gado ake yi ba, kuma ba wanda ya mallaki cocin da zai bar wa ɗansa ko matarsa. Bayan Dali aka zaɓi Billi a 2016, bayan Billi aka zaɓi Rabaran Daniel Mbaya a 2024. Albashin fastoci da ginin majami'u daga baiko da zakkar mambobi suke fitowa. Taimako yana zuwa daga Amurka da Suwizalan, ya kuma ƙaru sosai bayan 2014, wajen abinci da iri da sake rufin gidajen da aka ƙona. Masu suka sukan ce mai ba ka abinci shi ke juya ka. Amsar tana cikin wuraren da suka saɓa da masu ba da taimakon ba tare da sun janye ba. Cocin Amurka ya daɗe yana naɗa mata fastoci, EYN ba ta naɗawa, duk da cewa tana da mata masu digirin tauhidi da ke koyar da mazan da za a naɗa, kuma Zumuntar Mata ce ƙashin bayan kusan kowace ikilisiya. A kan auren jinsi, wanda ya raba kan 'Yan'uwa a Amurka, EYN ba ta ma buɗe ƙofar tattaunawa ba. A salon sujada kuma guguwar Fentikos ta shigo ta hannun matasa, da azumi da addu'ar dare da kayan kiɗa na zamani, abin da tsofaffin Turawan Garkida masu sujada shiru-shiru ba za su gane ba.

Batun naɗa mata yana tasowa lokaci-lokaci, kuma ina zaton zai ci gaba da tasowa, domin rikicin ya bar ikilisiyoyi da yawa da zawarawa suka fi maza yawa, su ne kuma suka riƙe su lokacin da fastoci suka yi hijira. Hedkwata ta koma Kwarhi, an sake gina majami'u da dama a Michika da Mubi da Askira, amma yawancin mutanen bayan dutsen Gwoza ba su koma gida ba. Wasu suna sansanin Minawao a Kamaru, inda suka kafa ikilisiyoyin EYN a cikin sansanin, wasu kuma sun watsu a Nasarawa da Taraba da gefen Abuja, suna noma a gonakin haya.